Gafakar Baffa a Sashen Adana: Yadda Wata Ɗaliba a Katsina Ta Gano Shekarun Littafin Gidansu

A tsofaffin unguwannin cikin birnin Katsina, irin su Masanawa da Gafai da Gambarawa da Albaba, akwai gidajen da har gobe suke riƙe da gafaka ko adaka cike da littattafan hannu da aka gada kaka da kakanni. Kowace gafaka kuwa da labarinta: wane ne ya rubuta, wane ya zo da ita daga Gabas, malam wane ya tsufa yana ba da karatu da ita a zaure. Wannan nazari a kan gafaka ɗaya ne, da ɗaliba ɗaya mai neman digiri na biyu a sashen Larabci, da abin da ya biyo baya sa'ad da labarin gida ya gamu da sashen adana kayan tarihi na ɗakin karatun jami'a. Ni na duba aikin nata tun daga tsara shi har kare shi. Da yardarta da ta gidansu nake ba da labarin, bisa sharaɗin in sakaya sunaye, har da na jami'ar.

Da'awar da aka fara da ita

Gidansu ɗalibar gidan malamai ne. A hannun baffanta, wanda shi ne babba a gidan yanzu, akwai wani littafi da ba a buɗe shi sai da alwala, wato Annafhatul Anbariyya, sharhin da Wali Ɗan Masani ya yi wa Ishiriniya. Abin da kowa ya tashi ya ji a gidan shi ne, da hannunsa Walin ya rubuta wannan kwafin, ya ba wani almajirinsa, kuma daga wannan almajirin zuriyarsu ta fito.

Wannan ba ƙaramar magana ba ce. Muhammadu ɗan Masani, wanda asalin gidansu Barno ne, an haife shi a Katsina wajen 1595, ya rasu a 1667, daidai da 1078 ta Hijira. Shi da Wali Ɗan Marina zamani ɗaya suka yi, kuma su ne ake fara ambata in ana maganar ilimin Katsina a ƙarni na 17. Ita kuwa Ishiriniya, waƙar yabon Annabi ce ta Alfazazi, malamin Andalus da ya rasu a 1230, kuma babu wanda ya tashi a cikin birni bai ji ana rera ta a daren Maulidi ba. In har ya tabbata rubutun Ɗan Masani ne, to gidan yana riƙe da littafin da ya haura shekara 350, yana cikin mafi tsufan rubutun hannu da suka rage a ƙasar Hausa.

Saboda haka ɗalibar ta zo da zumuɗi. Tana so ta yi wa littafin tahaƙiƙi, wato ta tantance rubutunsa ta fitar da shi a ingantacciyar siga, ta kira shi "kwafin mawallafi" tun daga taken kundinta. Ban tanka da'awar ba. Abin da na ce mata shi ne, kafin ta sake buɗe gafakar nan, ta je sashen adana ta zauna har sai ta iya gaya mini duk wanda ya taɓa rubuta wani abu game da wannan littafi, da inda shi kuma ya samo nasa.

Zaman sashen adana

Sashen adana ba kamar sauran ɗakin karatu yake ba. Ɗaki ne a can ciki mai ƙofar ƙarfe, ba a shiga a yi ta yawo tsakanin kantoci ana zaro abin da aka ga dama. Sai ka kawo takardar gabatarwa daga sashenka, ka rubuta sunanka da batun bincikenka a rajista, ka bar jakarka a waje. Fensir da takarda kaɗai ake shiga da su, domin biro in ya ɗiga a kan tsohuwar takarda shi ke nan. Ka cike 'yar takardar nema da lambar abin da kake so, ma'aikaci ya shiga ya ɗauko maka, in ka gama ka mayar a gabansa. Ba a ba da aro ko na kwana ɗaya. A ciki akwai kundayen digiri, da tsofaffin jaridu da aka ɗaure shekara-shekara, da littattafan da iyalan wasu malamai suka bayar bayan rasuwarsu, da hotunan rubuce-rubucen hannu da aka ɗauko daga wasu wurare.

Cikas na farko da ta gamu da shi shi ne kwamfuta. Ta rubuta "Dan Masani" a manhajar neman littattafai, abin da ya fito bai taka kara ya karya ba, ta dawo ta ce mini babu komai. Ashe mafi yawan kayan wannan sashe ba a shigar da su kwamfuta ba tukuna. Suna cikin aljihunan katuttuka na katako da kuma wani babban littafin shigar da kaya da aka rubuta da hannu. Ko a can ɗin ma, mutum ɗaya ne amma sunansa ya rarrabu: wani katin ya ce Ibn Masanih, wani Muhammad b. Masani, wani al-Barnawi, wani al-Kashnawi. Garin kansa haka yake, Larabawa su rubuta Kashna ko Kashina, tsofaffin takardun Turawa su rubuta Katsena. Sai da ta jera duk waɗannan a shafin farko na littafin rubutunta, tana bin kowanne ɗaya bayan ɗaya, sannan abubuwa suka fara fitowa.

Abin da ya fi fitowa kundayen ɗalibai ne. Ta karanta su da kyau, ta lura da wani abu da nake so kowane mai bincike ya gani da idonsa: sakin layi ɗaya ne game da rayuwar Ɗan Masani yake yawo daga kundi zuwa kundi, kowa yana jingina shi ga wanda ya gabace shi, har da kuskuren bugu iri ɗaya. Da ta bi sawun maganar baya-baya, sai ta ƙare a wurare biyu. Na farko Infaƙul Maisuri na Sarkin Musulmi Muhammadu Bello, wanda ya rubuta a 1812, inda ya ambaci malaman ƙasar nan da littattafansu, har da Ɗan Masani. Na biyu babban kundin nan da John Hunwick ya tattara na rubuce-rubucen Larabci na Afirka, juzu'i na biyu da aka buga a 1995, wanda ya ƙunshi marubutan Sudan ta Tsakiya, wato yankin da ya haɗa da ƙasar Hausa da Barno. Amfanin wannan kundi shi ne, bayan ya kawo sunan littafi, yana faɗin ma'adanar da kwafinsa yake da lambarsa. A nan ne ta fara sanin cewa littafin gidansu yana da 'yan'uwa a wasu wurare, kuma babu yadda za a yi masa tahaƙiƙi ba tare da an jera su an gwada ba.

Mai kula da sashen wani dattijo ne da ya yi karatun allo da na zaure kafin ya shiga boko. Ya ga tana ta zarya, ran nan ya tambaye ta abin da take nema takamaimai. Da ta ba shi labari, sai ya ce, "Ɗiyata, mi aka rubuta a ƙarshen littafin? Mai rubutu ba ya tashi bai yi sallama ba." Ta ce ta duba, akwai tammat da salati da wani suna, sai wata kalma da jan tawada wadda ta ɗauka ramzi ce, amma da ta lissafa sai ya ba ta shekarar da ba za ta yiwu ba, don haka ta bar ta. Ya ce a kawo littafin ya gani.

Ranar da aka buɗe gafakar

Nan aka sha fama. Baffa ya ce littafin ba ya fita daga gidan, kuma yana da hujjarsa. Tun zamanin mahaifinsa wasu suka zo da sunan bincike suka ari littattafai biyu, har yau ba su ba labarinsu. Duk wanda ke aiki da gidajen malamai a ƙasar nan ya san irin wannan labari, kuma ban taɓa ganin laifin mai gafakar da ya ƙi ba da aro ba. Daga ƙarshe aka daidaita a kan cewa shi da kansa zai kawo littafin, ya zauna a yi abin da za a yi a gabansa, ya koma da abinsa kafin la'asar. Haka kuwa aka yi. Aka ba shi kujera a gefen tebur, ya zauna da carbinsa, idonsa bai bar littafin ba.

Dattijon sashen ya wanke hannu ya shanya, ya shimfiɗa farar takarda mai faɗi a kan tebur, ya zaro littafin daga gafaka, ya kwance igiyar da aka naɗe tadarishin, wato bangon littafin, da ita. Kamar yadda aka saba a littattafan ƙasar nan, ba a ɗinke shi ba. Waraƙa-waraƙa ne a jere, babu lambar shafi. Abin da ke riƙe da tsarinsu shi ne kalmar da marubuci ke sawa a can ƙasan bayan kowace waraƙa, wadda ita ce za ta buɗe waraƙar da ke biye. Aikin farko da ya ba ɗalibar shi ne ta bi waɗannan kalmomi tun daga farko. Ta tarar a wurare da dama jerin ya karye, wasu waraƙun sun yi ƙaura zuwa inda ba nasu ba, wasu kuma babu su sam. Kusa da tsakiya akwai 'yan waraƙu na takarda mai layi irin ta zamanin Turawa, da wani hannu daban, alamar wani ya cike gurbin abin da ya ɓace. Gara ta ɗan ci gefen ƙasa. Abin da ya fi ba ni takaici shi ne inda wani mai kyakkyawar niyya ya liƙe yagewa da salatif: ya tsufa ya yi ja, ƙaronsa ya nutse cikin takardar, ya ɗebe tawadar layi biyu.

Sannan ya ɗauki waraƙa ɗaya da hannu biyu, ya nufi taga, ya ɗaga ta a hasken rana, ya kira ɗalibar da Baffa su matso. A cikin jikin takardar, ban da siraran layukan da ragar masu yin takarda ke bari, ga jinjirin wata guda uku a jere, babba da matsakaici da ƙarami. Baffa ya ce shekara da shekaru yana riƙe da littafin nan bai taɓa sanin akwai wani abu a cikin takardar ba.

Wannan tambari sananne ne. Masana'antun arewacin Italiya ne suka riƙa yin takarda mai wata uku musamman don kasuwannin Musulmi, tana bi ta Masar da Tarabulus, ayari ya ratsa Sahara da ita. Bajamushen nan Heinrich Barth, wanda ya sauka Katsina a 1851 ya sake dawowa a 1853, ya rubuta cewa ana shigo da ita Kano da yawa, har ana naɗe tufafi da ita. Sai dai wata uku shi kaɗai ba ya yanke hukunci, domin masana'antu da yawa sun yi amfani da shi tsawon ƙarnoni. Dattijon ya ci gaba da ɗaga waraƙu ɗaya-ɗaya, har ya samu waɗanda ke ɗauke da haruffan Turanci biyu, A da G. Masu nazarin takarda suna danganta wannan alama ga gidan Galvani na yankin Pordenone, waɗanda suka shiga sana'ar a ƙarni na 18, takardarsu kuma ta cika kasuwannin wannan yanki a ƙarni na 19. Mutumin da ya rasu a 1667 ba zai yi rubutu a kan takardar masana'antar da ba a kafa ba tukuna.

Aka juya zuwa waraƙar ƙarshe. Bayan tammat da hamdala da salati, marubucin ya ambaci sunansa da na mahaifinsa, ya roƙi gafara ga kansa da iyayensa da malamansa, sannan ya ce an gama a shekarar kaza, ya sa haruffa uku da jan tawada: shin, da ra, da ainu. Ɗalibar ta nuna lissafin da ta yi a baya. Ta ɗauko jadawalin abajada, wato tsarin da ke ba kowane harafi ƙimarsa ta lissafi, daga intanet, inda shin ke da 300, ra 200, ainu 70, jimla 570 ta Hijira. Wannan kuwa ya gabaci haihuwar Ɗan Masani da fiye da shekara 400, ya ma gabaci rasuwar Alfazazi da fiye da shekara 50. Dole ta ga ba zai yiwu ba.

Dattijon ya ce ta karanto masa abajadar da ta yi aiki da ita. Da ta kai ƙarshe sai ya ce wannan ta mutanen Gabas ce. Tamu ta nan, wadda muka gada daga ƙasashen Magarib, da kalmar "zagasha" take ƙarewa, kuma haruffa shida ne ƙimarsu ta bambanta tsakanin tsarin biyu. A namu sodi 60 ne, lodi 90, sin 300, za 800, gainu 900, shin kuma 1000. Ta sake lissafi a gaban kowa: 1000 da 200 da 70, ya ba da 1270. Don mayar da ita Miladiyya a gurguje, ana ninka shekarar da 0.97 a ƙara 622, sai a tabbatar da jadawali. Shekarar 1270 ta kama a Oktoban 1853, ta ƙare a 1854. Zamanin Sarkin Katsina Muhammadu Bello ɗan Ummarun Dallaje ke nan, kusan shekara 190 bayan rasuwar Walin. Takarda ta faɗi ƙarni, ramzi ya faɗi shekara, kuma ba su saɓa wa juna ba.

Ɗakin ya yi tsit na ɗan lokaci. Baffa ya nemi a sake karanta masa sunan marubucin, aka karanta. Ya ce a mayar masa da littafinsa cikin gafaka, ya yi godiya, ya tafi.

Ina so in tsaya a nan in faɗi abin da ke damuna. Ɗalibar nan haziƙa ce, Larabcinta ya fi na da yawa daga cikin tsaranta. Amma duk karatunta a littattafan bugun Misira da Bairut ta yi shi. A makon farko har harafin ƙaf take karantawa a matsayin harafin fa, domin a rubutunmu na nan fa ɗigonta a ƙasa yake, ƙaf kuma ɗigo ɗaya a sama. Ba laifinta ba ne, ba mu koyar da wannan a aji. Ɗaliban tarihi sun san yadda ake auna madogara amma yawancinsu ba sa karanta rubutun, ɗaliban Larabci suna karantawa amma ba wanda ya taɓa ce musu su ɗaga takarda a hasken taga. Wanda ya haɗa abin duka a wannan jami'a mutum ɗaya ne, ritayarsa ta kusa, kuma abin da ya sani ba ya cikin kowane kati ko manhaja.

Sauya akalar binciken

Ta zo ofishina washegari idonta ya kumbura. Ta ce, "Malam, aikin ya rushe, kuma ban san da wace fuska zan kalli Baffa ba." Na ce ta koma ta duba gefen shafukan, ta bar tsakiyarsu tukuna.

Gefen shafukan nan cike suke. Tsakanin layuka da hashiya akwai ƙananan rubuce-rubuce da aƙalla hannu uku mabambanta, wani da tawadar yambari da ta koma ruwan ƙasa, wani baƙi wuluk. Wasu bayani ne da Larabci, an ciro daga ƙamus ko daga wani sharhi. Da yawa kuma ajami ne, fassarar kalma ɗaya ko biyu da Hausa, da karin harshen nan namu, irin abin da almajiri ke saƙalawa a gurguje lokacin da malam ke fassara masa a zaure. A wasu baitocin rubutun ya yi cunkoso har ba wurin sa alƙalami, a wasu kuma fili fetal. Wato ana iya ganin inda karatu ke wa ɗalibai wuya da inda suke wucewa sumul. A bayan waraƙar farko kuma ga sunayen waɗanda suka mallaki littafin bi da bi, kowa ya rubuta nasa a ƙarƙashin na wanda ya gabace shi. Na ƙarshensu Baffa ya san shi, kakansa ne.

Da an samu kwafin mawallafi, da ya gaya mana abin da Ɗan Masani ya rubuta. Wannan kwafin yana gaya mana yadda aka karanta shi aka karantar da shi a Katsina daga tsakiyar ƙarni na 19 har shigowar Turawa, kuma a ganina wannan tambaya ba ta gaza waccan daraja ba. Aka sake take, aka sake tsarin babi-babi.

Gwada kwafi kuwa ya wajaba, don a san abin da ke na mawallafi da abin da masu kwafa suka ƙara ko suka rage. Wuraren da mai irin wannan aiki ke dosa sanannu ne: tarin rubuce-rubucen Shirin Binciken Tarihin Arewa da Ɗakin Karatu na Kashim Ibrahim a Jami'ar Ahmadu Bello ta Zariya, da Arewa House da Ma'adanar Tarihi ta Ƙasa a Kaduna, da Jami'ar Bayero a Kano, har zuwa Ibadan. Matar aure ce mai goyo, kuɗin hannunta ƙayyadadde, hanya kuma sai da lissafi. Don haka ba ta tashi ba sai da ta fitar da lambobin abin da take so daga kundin Hunwick, ɗakin karatunmu ya rubuta mata takardar gabatarwa, aka kira waya aka tabbatar da ranakun da ake buɗewa da ƙa'idar ɗaukar hoto. Ta dawo da hotunan kwafin da za ta gwada da su, kowanne da lambar ma'adana da lambar waraƙa, fuska ko baya. Gwajin ya nuna kwafin gidansu mai kyau ne, marubucinsa ya san abin da yake kwafa, kuma waraƙun da aka cike daga baya ne suka fi kurakurai.

Komawa wajen Baffa

Wannan ne ya fi kowane sashe na aikin nauyi, kuma babu littafin dabarun bincike da ke koyar da shi. Ba ta je ita kaɗai ba. Ni da dattijon sashen muka raka ta, bayan sallar la'asar, a zauren gidan. Dattijon ne ya yi magana, a matsayin almajiri da ke magana da malami. Bai ce labarin gidan ƙarya ba ne. Ya ce littafin Wali ne, babu shakka, amma hannun da ya rubuta wannan kwafin na wani bawan Allah ne da ya zo daga baya, ga sunansa ya bari, ya kuma roƙi a yi masa addu'a. Ya ƙara da cewa a al'adar malamanmu in littafi ya tsufa akan kwafe shi daga tsohon, don haka ba abin mamaki ba ne labarin da aka gada ya samo asali daga wani kwafi da ya gabaci wannan. Ɗalibar ta rubuta wannan a kundinta a matsayin abin da zai iya yiwuwa, ba ta kai shi matsayin tabbas ba, kuma na goyi bayanta.

Baffa ya daɗe bai ce komai ba. Sannan ya ce a nuna masa sunayen nan na bayan waraƙar farko. Ya karanta su da kansa a hankali, ya tsaya a kan na biyun ƙarshe, ya ce ya taɓa jin wannan suna a bakin gwaggonsa. Ya dubi ɗalibar ya ce, "Ɗiyata, rubuta abin da kika gani. Amma ki sa sunayen nan duka, kada ki bar ko ɗaya." Ta ce, "In sha Allahu, Baffa."

Ba kowa ne a gidan ya karɓa ba. Wani ƙanen Baffa har yanzu yana kan bakansa cewa 'yan boko ne suka zo rage wa gidan daraja, kuma ya daina amsa gaisuwar ɗalibar na wani lokaci. Wannan yana cikin abin da binciken ya jawo, ba zan ɓoye shi ba.

Game da littafin kansa, an yi yarjejeniya a rubuce, shafi ɗaya, da Hausa, kowa ya sa hannu. Asalin littafin yana nan a gida, mallakar iyalin. An ɗauki hotonsa gaba ɗaya a sashen adana, waraƙa bayan waraƙa, da wayar da aka kafa a kan mariƙi, a hasken taga ba tare da walƙiyar kyamara ba, da abin awo a gefe don a san girman takardar. Ɗakin karatu ya riƙe kwafi ɗaya na hotunan, iyalin suka riƙe ɗaya. Mai bincike zai iya karantawa a cikin sashen, amma bugawa ko sawa a intanet sai da izinin gidan. Wani ya ba da shawarar a kai waraƙun shago a rufe su da leda kamar yadda ake wa takardar shaidar makaranta, dattijon ya hana da kakkausar murya, domin zafin injin da ƙaron ledar suna kashe tsohuwar takarda, kuma ba a iya warwarewa. Abin da aka yi shi ne aka jera waraƙun bisa tsarinsu, aka sa musu lamba da fensir mai laushi a kusurwa, aka naɗe su da takarda marar sinadarin da ke cin rubutu, aka mayar cikin tadarishi da gafaka. Aka ɗauke gafakar daga jikin bangon ƙasa inda ɗanshin damina da gara ke samunta, aka sa ta a akwati a kan kanta. Salatif ɗin an bar shi yadda yake, sai an samu ƙwararren da ya iya cire shi.

Ta kare kundinta lafiya. Mai jarrabawa na waje ya fi daɗewa a kan babin hashiya, ya nemi ta ware hannuwan uku a jadawali, ta yi. Yanzu littafin yana da kati a sashen adana, an kuma shigar da shi kwamfuta da dukkan sigogin sunan mawallafin, da sunan mai kwafa, da shekarar 1270, da bayanin takarda da waraƙun da suka ɓace.

Abin da ya rage shi ne mai kwafan. Sunansa da na mahaifinsa irin waɗanda ake samu a kowace unguwa ne, bai ambaci garinsu ba, kuma ba ya cikin jerin masu mallakar littafin. Ɗalibar tana shirin digiri na uku a kan wannan, tana neman wasu littattafan da hannu ɗaya ya rubuta. Gidaje biyu a unguwarsu sun yarda ta duba nasu, bayan Baffa da kansa ya yi musu magana, kuma sharaɗinsu irin nasa ne: a gabansu za a buɗe, littafi ba zai kwana a waje ba.